Masu fita daji da mota: hanyar da muke shaƙatawa a kai ita ce hanyar kasuwar wani

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min rai, wato wannan fita daji da motoci masu fowil, wato waɗanda tayoyinsu huɗu duka ke ja, da wasunmu suke yi a ƙungiyance a nan Kaduna, a haɗu ranar Asabar a ɗau hanyar ƙauye, a hau tsauni a ƙetare rafi, a ci abinci tare a dawo gida kafin magariba. Ni ina cikin masu zuwa, ina son abin nan ƙwarai kuma bana ɓoyewa, shi yasa nake ganin gara gyara ya fito daga bakin ɗan gida kafin ya fito daga bakin mutanen da muke cutarwa ba tare da mun lura ba.

Da farko dai inaso masu karatu su raba abu biyu da ake cakuɗawa. Duk sanda bidiyon mota cikin laka ya fara yawo a Facebook ko TikTok sai kaga ana ta zagi, wai 'ya'yan masu kuɗi ne sun rasa abin yi da mai, wai irin wasan motan nan ne da ake yi a wajen biki. Wallahi ba ɗaya bane. Wasan mota a kan kwalta ake yinsa cikin jama'a, gudu ne da juyi da ƙona taya, kuma mun sha jin rayukan da ya ci. Fita daji kuwa tafiyar hawainiya ce, wani wajen mai tafiya a ƙafa ma sai ya wuce ka, wanda aka fi yabo a cikinmu shine wanda ya wuce wuri mai wuya bai ƙara wa injin kuka ba, bai fasa komai ba. Kuma ba duka masu kuɗi bane, akwai mai tsohuwar Hilux da yake kai taki gona da ita ranar aiki, akwai makanike da ya tada Pajero daga gawa da hannunsa, akwai ma'aikacin lafiya da aikinsa ne ya koya masa hanyar ƙauye, ga kuma masu Prado da Land Cruiser, duk in an shiga taɓo kowa sai ya tattare wando ya ɗau shebur.

Yadda ake yi shine, bayan sallar asuba a haɗu a wani gidan mai, kowa ya cika tanki, a duba ruwan lagireto da birki da taya ta safaya, a tabbatar akwai jak da igiyar ja da shebur da famfon iska da akwatin magani. Sai a jera kamar ayarin fataken da suke zuwa Gwanja ɗauko goro, akwai madugu da maganarsa ce ta ƙarshe, akwai jagaba da ya san hanya yana gaba, akwai kuma mota mai ƙarfi da ake bari a ƙarshe wadda ba ta wuce kowa komai jinkirinsa. Doka ta farko da ake faɗa wa sabon zuwa itace kada ka bari motar da ke bayanka ta ɓace maka a madubi, in ka daina ganinta ka tsaya, na gabanka ma zai tsaya, a haka har labari ya kai ga jagaba ko da babu sabis a waya. Wasu suna da oba-oba amma wannan dokar ta madubi ta fi ta amfani.

Abin da mutum yake koya a wajen yana da yawa. Mutane da dama a garin nan suna hawa mota mai fowil shekara da shekaru basu taɓa taɓa ƙaramin sandan giyar nan ba, basu san bambancin 4H da 4L ba. 4H na hanyar burji ce da rairayi inda kake ɗan tafiya, 4L kuwa ƙaramar giya ce ta hawan dutse da gangara da fita daga laka, tana baka ƙarfi ba gudu ba, kuma a gangara ita ke riƙe motar ba sai ka danne birki tayoyi sun ja ba. Irin su Hilux in ka bar fowil a kunne kana tafiya kan busasshiyar kwalta kana shan kwana, ƙarfen ciki ne kake murɗewa, wata rana sai dai kaji ƙara. A rairayi ana rage iskar taya, mai faci ya sa maka 35 kai kuma ka sauke zuwa wajen 20 don tayar ta baje ta daina nutsewa, in an fito kwalta a mayar. Ruwa kuma ba a shigarsa sai wani ya taka da ƙafa da sanda an ga zurfinsa da abin da ke ƙasa, in yana gudu da ƙarfi a haƙura a juya, don in ruwa ya shiga ta wajen shan iskar inji to injin ya tashi aiki nan take. Sannan maganar ja, wannan ita tafi bani tsoro, kada a taɓa ɗaura igiya a dunƙulen ƙarfen nan na jan tirela da ke bayan mota, in ya ɓalle yana tashi ne da ƙarfin da zai huda gilashi ya kashe mutum, kuma duk sanda ake ja kowa ya matsa nesa, musamman yaran ƙauye da suke taruwa kallo.

Wannan sha'awar ba baƙuwa bace a Kaduna. A garin nan ne aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, kuma a wannan shekarar ce 504 ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin ƙura da laka a Kenya, ta sake cinyewa a 1978. Iyayenmu da 504 da 404 fikof suka ratsa hanyoyin da yanzu muke ɗaura wa kyamara muna jin mun yi bajinta, su kuwa ba fowil ba komai sai sanin hanya da haƙuri da yaran mota masu saka waji. Tseren Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta nan maƙwabta yake bi, ta Agadas a Nijar, har aka soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya. Ko bikin kamun kifi na Argungu an san shi da tseren motoci a cikin shagulgulansa. A Amurka kuwa inda harkar kulob ɗin ta fi kafuwa, akwai taron masu Jeep da ake yi a hanyar Rubicon a Kalifoniya tun 1953, da na garin Moab a jihar Utah da ake yi lokacin Ista tun 1967. Abin lura a nasu shine hanyoyin an san su, an shata su, sai da izinin hukumar da ke kula da filayen ake taron, kuma tun 1985 hukumar gandun dajinsu ta fito da wani shiri na wayar da kai mai suna Tread Lightly saboda ɓarnar da motoci suka fara yi. Mafi yawan wuraren da suke hawa duwatsu ne da hamada da ba mai noma a ciki.

To anan ne maganata take. Mu abin da muke kira daji a Kaduna ba daji bane, gonar mutane ce da hanyar mutane. Daga Kujama zuwa Kasuwan Magani zuwa Kajuru, ko ta Maraban Jos wajen madatsar Kangimi, ko ƙauyukan Igabi da Giwa da Soba, ko can Kachia da Kagarko da Jaba, da wuya ka yi tafiyar minti goma baka ga kunyar masara ko dawa ko citta ko waken suya ba. Hanyar jar ƙasar nan da muke murna in mun same ta ta jiƙe, itace hanya ɗaya tilo da ƙauye guda yake fita da ita. Mota goma sha masu manyan tayoyi in suka bi ta cikin marka a watan Agusta, kowa na danna mai taya na juyawa tana haƙa, abin da za a bari a baya ramuka ne biyu dogaye masu zurfin gwiwa, ruwan sama na gaba ya bi ta cikinsu ya ƙara yashewa, kafin damina ta fita hanya ta zama kwazazzabo. Mu mun koma Barnawa da Malali da Unguwar Rimi mun kai mota wanki mun ɗora hotuna. Ranar kasuwa kuma ga tsohuwar fikof ɗauke da buhunan masara ta zo ta kafe a ramin da muka haƙa, ga mai mashin da ya ɗauko mace mai naƙuda cikin dare yana laluben inda zai sa taya, ga malamin firamare da ya daina zuwa don hanya ta gagara. Ba wanda zai ce mu ne, amma mu ne.

Wanda ya fi wannan ciwo shine kaucewa. In aka zo wuri mai caɓi sosai sai wani yace bari in bi ta gefe, gefen nan kuwa gonar wani ce, na bayansa ya bi sawunsa, na bayansa ma haka, sai kaga an shimfiɗa sabuwar hanya a kan shukar bawan Allah. Mai gonar yana tsaye da fartanya yana kallo, bai ce komai ba don yaga manyan motoci da baƙin gilashi yana tsoron ko wasu manya ne, shirun nan nasa ba yarda bace. Ku tuna fa manoman citta na kudancin jihar nan annobar 2023 ta cinye musu gonaki, da yawansu har yau basu farfaɗo ba, iri ya yi tsada taki ya yi tsada, mutum ya ci bashi ya shuka 'yan kunyoyi sannan a zo a murƙushe masa su don nishaɗin ranar Asabar. Ko an miƙa masa dubu biyar ta taga ba a biya shi ba, kuma miƙawar ta taga ɗin ma wulaƙanci ce, a sauko a gaishe shi a tambaye shi nawa ne asararsa.

Haka rafi. Inda muke ƙetarewa galibi mashaya ce, nan mata suke ɗiban ruwa suke wanki, nan shanu suke sha. In mota ta bi ta dama ruwan sai ya ɗau sa'o'i kafin ya kwanta, balle masu tsayawa a tsakiyar rafi suna wanke mota, baƙin mai da giris suna bin ruwa zuwa ƙauyen gaba. Burtali kuma na dabbobi ne, in ka haɗu da garke ka kashe hon ka tsaya su wuce, don in shanu suka firgita suka faɗa gonar wani, rigimar da zata tashi tsakanin makiyayi da manomi ba kai zaka zauna cikinta ba, kuma duk ɗan jihar nan ya san inda irin wannan ƙaramar rigimar take kaiwa. Da rani ma akwai nata matsalar, ƙurar ayari guda tana rufe ƙauye, ta sauka kan garin rogo da barkono da tumatir da aka shanya a bakin hanya, ga yara suna bin motoci a guje cikin ƙurar da direba baya ganin gabansa. A tseren Dakar na 2006 yara biyu aka kaɗe suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, kuma wannan da duk tsarinsu da jiragensu masu saukar ungulu. Dan Allah masu watsa alawa da kuɗi ta taga su daina, kuna koya wa yara su riƙa shigowa ƙarƙashin taya ne. In akwai abin rabo a tsaya a ba mai unguwa ko malamin makaranta.

Sai ɗaukar hoto. Ba kowa ne yake son a ɗauki matarsa tana wanka wa yaro a bakin rafi a watsa wa duniya ba, a tambaya tukuna. Akwai kuma wuraren tarihi da bai kamata taya ta taka ba sam, kamar kufan Turunku da ganuwar da ke kewayen dutsen Kufena a Zariya, ko yankin Nok inda ake tono gumakan yumɓu masu shekara sama da 2000. A ajiye mota nesa a taka da ƙafa.

Maganar tsaro kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. A watan Afrilun 2019 an kai hari Kajuru Castle an kashe mutum biyu an sace wasu, ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari wanda ya zama na ƙasa tun 1999 shekaru kenan ba mai zuwa yawon buɗe ido cikinsa. Alhamdulillahi an samu sauƙi a wasu wuraren, har an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, amma sauƙi ba shine a kwashi mota goma sha masu tsada a kutsa inda ba a sani ba. Kuma abin da 'yan uwana basa dubawa shine haɗarin ba namu bane mu kaɗai. Ƙauyen da ya sha ganin baƙin motoci da mashina suna zuwa da mugun nufi, in ya hango ayari ba sanarwa, mata da yara daji suke faɗawa, 'yan banga su fito da shiri, kuskure ɗaya ya isa. Bayan mun tafi kuma ana iya zuwa a tsare mutanen garin da tambaya, su waye waɗannan, me suka baku, wa ya kira su. Don haka ni a ganina duk fitar da ba a je an gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa kwana biyu kafin ranar ba, ba a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin ba, ba a ɗauki ɗan gari a motar gaba ba, to a fasa ta. Kuma a daina sanya rana da hanya a fili a intanet kafin a je, in an dawo a ɗora duk hoton da ake so.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu shine a bar hanyoyin ƙauye su huta daga Yuli har ƙarshen Satumba. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai don lakar ce daɗin abin a wajensu, to mai son laka a nemo masa tsohon ramin da 'yan kwangilar titi suka ɗebi jar ƙasa, suna nan birjik a gefen manyan hanyoyinmu, a yi magana da mai wurin a biya shi a yi ta birgima a ciki har a gaji. Fita mai nisa a bari sai bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an girbe amfani, ƙasa ta bushe, rafuka sun ja, lokacin ne ma duwatsun Kajuru da na Kagoro suka fi kyan gani, ga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan. Sannan a cikin kuɗin da ake tarawa na nama da lemo a ware wani abu na hanya, tifa ɗaya ta tsakuwa a wurin da ya fi lalacewa, ko buhun siminti na gyaran kan kwalbati, a damƙa wa mutanen gari su yi aikin gayya mu ma mu sa hannu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wanda ya iya cika tankin Land Cruiser don yawo to ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Kuma wannan ƙwarewar da muke taƙama da ita tana da inda ake buƙatarta. Duk damina akwai ƙauyukan da ruwa ke yankewa, ma'aikatan rigakafi su kasa shiga, motar asibiti ta kafe, ambaliya ta ci unguwannin bakin Kogin Kaduna. Mutanen da suke da winci, wato injin jan mota in ta kafe, da igiya da motocin da ke shiga ko ina, me zai hana su ba hukumar agajin gaggawa ta jiha lambobinsu ace in ta ɓaci a kira mu? Ko a ware rana guda a tara direbobin motocin asibitocin karkara a nuna musu yadda ake amfani da 4L da yadda ake fitar da mota daga laka ba tare da an ƙona kuloci ba, da yawansu an basu mota ne kawai ba wanda ya taɓa nuna musu.

Ita kuma gwamnatin jiha, ta bakin ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido, ta zauna da masu wannan harka da sarakuna a fitar da hanyoyi biyu ko uku da aka amince da su, a san inda suka fara da inda suka ƙare da watannin da ake binsu, a sa ɗan kuɗin shiga da zai tafi kai tsaye ga ƙauyukan da ke kan hanyar, samarin wurin su zama 'yan jagora ana biyansu. Masu walda da maƙeran Panteka ma zasu samu aiki, don yawancin bamba da kariyar ƙarƙashin inji da ragar kaya ta saman mota da muke sawa a nan ake ƙera mana su, kuma suna da ƙwari. Wanda duk ya taka gona ko ya yi gudu cikin gari a cire shi daga ƙungiya a sanar da sauran ƙungiyoyin kada su karɓe shi, ko motar waye kuwa.

Malam Edita in da hali ku turo wakilinku ya bi mu fita ta gaba bayan kaka, za a bashi kujera, amma sharaɗina ɗaya, in mun wuce ya sauka ya kwana a ƙauyen ya ji ta bakin mai unguwa da manoma da direbobin ranar kasuwa, abin da suka faɗa shi za ku buga.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
daga Barnawa, Kaduna.